Ƙafafun Tarwaɗa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Tarwaɗa zai gaya maka abu biyu: hannunsa ba shi da nauyi, kuma ba ka taɓa sanin ta ina yake tsaye. Yanzu kana jin kilifa a bayan kunnenka na dama, kafin ka ƙifta ido mutumin ya koma hagu, ba ka ji takunsa ba, ba ka ga wucewarsa ba. Shagon kuwa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai wayar kilifa da ke reto daga bango. Shekara da shekaru yana zagaya kujerar nan, wayar ba ta taɓa harɗe masa ƙafa ba.

Sunan nan ba a shagon aski ya samo shi ba. Ya samo shi ne a wani tsohon sito da ke bayan tashar mota, inda aka ɗaura igiyoyi a jikin turaku, aka rataye buhunan yashi, matasa suna koyon damben zamani, irin na safar hannu da ƙararrawa. Yayansa ne ya kai shi, ba don ya ga alamar jarumta a tare da shi ba, sai don yana neman wanda zai riƙa gwada hannu a kansa, sa'o'insa kuwa duk sun gudu. Guduma ake ce wa yayan nan, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai yi ƙari ba. Ranar farko naushi ɗaya ya sami ƙanen a muƙamuƙi, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, rufin kwano yana ta juya masa. Kafin ya miƙe ya riga ya yanke shawara: wannan hannu ba zai sake samunsa ba.

Mai koyar da su wani gajeren dattijo ne mai yawan faɗa, kowa Koci yake ce masa. Shi ya ja yaron gefe, ya zana layi da alli a kan siminti.

"Daina kallon hannunsa," in ji Koci. "Kalli ƙafarsa ta gaba, ita za ta gaya maka inda naushin zai tsaya. Wuri uku ne tsakaninka da mutum. Akwai nesa, can hannunsa ba ya kaiwa. Akwai ƙirji da ƙirji, nan hannun ba shi da wurin miƙewa. Sai tsakiya, a nan ake rabon naushi. Tsakiya wucewa ake yi, ba a zama. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ji, amma rabin karatun ya ɗauka. Nesa ɗin nan ya haddace ta kamar sunansa. Ƙafar hagu a gaba, ta dama a baya, diddigen baya a ɗage. In zai ja da baya, ta baya ce ke fara tafiya, ta gaba ta biyo ta, ba ya taɓa bari su giciye. Ba gudu yake yi ba, rabin taku kawai, daidai yadda safar Yaya za ta ƙare tafiyarta a gaban hancinsa, har ya ji warin fatarta. Daga nan sai ya zame ta damarsa, ya kauce wa hannun daman Yaya, wanda shi ne uban ɓarna. Yaya ya yi ta dukan iska yana huci yana cewa, "Tsaya mana, kai!" Shi kuwa ina, tsayuwa ba ta cikin lissafinsa. Wata rana Koci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kama yaron nan sai ka ce kama tarwaɗa da hannu ɗaya. Sunan ya zauna.

Sai dai alƙalan wasa ba sa ƙirga naushin da ka kauce wa, wanda ka kai suke ƙirgawa. Tarwaɗa ya hau dandamali sau da dama, ya sauko da hancinsa a miƙe, fuska tas kamar wanda ya je ɗaukar hoto, amma hannun abokin karawarsa ake ɗagawa. 'Yan kallo har ihu suke yi masa: "Malam, rawa ka zo yi?" Da abin ya ishe shi, ya rataye safarsa ya koyi aski. Yaya ya ci gaba, ya yi ɗan suna, ya tara tabo a gira, daga baya ya koma tuƙin motar kaya har ƙarfinsa ya fara ja baya.

Damben ya bar Tarwaɗa, amma ƙafafun ba su sami labari ba. Sana'ar ma kamar don shi aka yi ta: mai aski a baya yake tsayawa ko a gefe, hira kuma ta madubi ake yi, ba ido da ido ba. A gida matarsa ta daɗe da haƙura. "Kai ko faɗa aka so yi da kai, sai an sayi takalmin gudu," take ce masa. Da ta ɗauko magana mai nauyi zai yi rabin takun nan nasa, sai ta ga tana yi wa labule bayani. Gidan Yaya kuwa bai taɓa yanke zuwa ba, amma daga bakin ƙofa yake gaisuwa, kafaɗa ɗaya a ciki, ƙafa ɗaya a waje. Ba faɗa suka yi ba, ko kusa. Yana son yayansa har cikin ransa. Kawai dai jikinsa ya saba da auna iyakar hannun mutumin nan, ya tsaya a bayanta kaɗan.

Mantuwa ta fara kama Yaya tun matarsa tana da rai. Ya manta inda ya ajiye makulli, ya manta hanyar gida, a ƙarshe ya fara manta fuskoki. Muddin matar na nan ba a san girman abin ba, don ita ke yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta rage masa gemu. Da ta rasu sai 'yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta ba shi ɗakin baya. A nan aka gane cewa duk abin da ya gudu daga kan tsohon, hannuwansa ba su manta komai ba.

Wata rana da hantsi Auta ta shigo shagon, ta zauna a benci, ta jira har wanda ake yi wa aski ya kaɗe rigarsa ya fita.

"Baffa, Baba ya faɗi a banɗaki, ya fashe a bayan kunne," ta ce. "An kwana biyu, ciwon ya fara wari. Likita ya ce sai an aske wurin, a riƙa wankewa kullum. To wa zai matsa? Jiya maigidana ya gwada, ka ga leɓensa yanzu kamar an hura."

Tarwaɗa yana goge kilifa da burushi, yana kallonta ta madubi. "To me likitan ya ce a yi?"

"Ya ce in ba za a iya a gida ba, a kai shi asibiti su kwantar da shi." Ta sunkuyar da kai. "Baffa, ɗaure masa hannuwa za su yi a jikin gado. Sun faɗa mini ƙiri-ƙiri."

Burushin ya tsaya. Hannuwan nan da ya yi ƙuruciyarsa yana gudu, su ne dai suka riƙe masa sirdin keke ranar da ya fara koyo, su ne suka ɗauko masa kujerar askin nan a ka tun daga tasha.

"Ba mai ɗaure Yaya," ya ce. "Je ki, ina nan zuwa da yamma. Shekara nawa ya yi yana nemana bai same ni ba, sai yanzu da ya tsufa?"

Ya je da jakar aikinsa da kuma ƙwarin gwiwar wanda ya san kansa. Ɗakin ba shi da girma: gado, taga, siminti a share. Yaya yana zaune a bakin gadon, gashi ya yi buzu-buzu, gemu ya cukurkuɗe, kafaɗun nan sun zube amma faɗinsu na nan. Tarwaɗa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya sa almakashi a aljihu, ya riƙe gwangwanin hoda a hannun hagu, ya shiga a hankali.

"Yaya, ni ne. Sannu da jiki."

Tsohon bai dubi fuskarsa ba. Idonsa ƙasa ya sauka, kan ƙafafun mai shigowa. Sai haɓarsa ta shige ƙirji, ya miƙe tsaye, hannuwa suka hau da kansu.

Abin da ya biyo baya, da a siton nan ne da an tafa. Yaya ya kawo hagu, Tarwaɗa ya yi rabin taku. Ya kawo dama, Tarwaɗa ya zame. "Yaya, aski na zo yi maka!" Ina, ba ya ji. Wani naushin ya sami gwangwanin hodar, murfi ya yi nasa wuri, ɗakin ya turnuƙe fari fat. Suka yi ta zagaye a cikin hodar, tsoho yana tari yana bi, ƙane yana kaucewa, har Tarwaɗa ya ga numfashin Yaya ya fara sarƙewa, ya sulale ta ƙofa. Ko lakuto shi ba a yi ba. Amma ciwon ma ba a taɓa shi ba.

Mijin Auta yana tsaye a tsakar gida da kumburarren leɓensa. Ba mugun mutum ba ne, yana da ƙananan yara a gidan, kuma tsoronsa na kan hanya.

"Ka gani ko, Baffa?" ya ce da ladabi. "Kai ma da ka san shi. Gobe da rana zan kira mota. Gara a ɗaure shi ya warke da a bar ciwon ya ci shi."

Yaya ya koma gado ya kwanta, fuska ga bango. Auta ta ɗauko tsintsiya za ta lallaɓa ta share hodar, sai Baffan nata ya riƙe mata hannu.

"Dakata tukuna."

Daga bakin ƙofa yake kallon simintin. Komai na nan a rubuce. Ga sawunsa: hagu a gaba, dama a baya, na daman yatsu ne kawai babu diddige, sun zagaye ɗakin ba inda suka giciye. Ga na Yaya, masu faɗi, suna ja a ƙasa, ba bin sa suke yi a baya ba, tare masa hanya suke yi suna matse shi zuwa kusurwa, daidai yadda aka koya musu. Har sawun farko, na bakin ƙofa, kafin a kai naushi ko ɗaya, a karkace yake, hagu a gaba. Ashe tun shigarsa da tsayuwar dambe ya shiga. Bakinsa yana cewa sannu da jiki, ƙafafunsa suna cewa bismillah, taso. Yaya kuwa tun suna yara an hana shi sauraren komai sai ƙafa.

"Auta, mamanku yaya take yi in za ta yi masa wanka?"

"Ba wata dabara. Shiga take yi kawai. Ta bari sai ya zauna, ta saɓa tawul a kafaɗa, bokiti a hannu, tana jan silifas ɗin nan nata, tana yi masa faɗa tun daga ƙofa. Shi ke nan sai ya ɗaga kai."

Tarwaɗa ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Tawul a kafaɗa, bokiti a hannu, faɗa a baki, tafiya gaba-gaɗi. Mutum ɗaya ne a duniya yake zuwar wa ɗan dambe haka, shi ne mai kula da shi a kusurwa in an buga ƙararrawar hutu. Haka Koci yake zuwa. Matar Yaya ba ta taɓa leƙa siton ba, amma ta yi shekaru tana aikin Koci ba ta sani ba.

Washegari da safe bai buɗe shago ba. Matarsa ta ga ya ɗauki bokitin wanki da soso, ta ce, "Yau kuma sana'a aka canza?" Ya ce mata in ya dawo da hanci a karkace, kada ta yi dariya. Ta ce ai da ta yi murna, ko ba komai ta san wani ya taɓa kama shi.

A gidan Auta ya tsara komai. Tun Yaya bai juyo daga bango ba aka ajiye kujera 'yar tsugunno a kusurwar ɗakin. Bokitin ruwan ɗumi, tawul, auduga da maganin da likita ya bayar suna bakin ƙofa ta waje. Ya ari silifas ɗin mijin Auta, waɗanda suka yi masa yawa, ya ajiye kusa da su. Auta kuma ya miƙa mata murfin tukunya da cokali.

"Ƙararrawar nan ita ke tayar da ɗan dambe, ita ke zaunar da shi," ya ce. "In kika buga yana zaune, kin tayar mana da bala'i. Zan shiga in ba shi turmi ɗaya tukuna. Sai kin ga ya fara haki, sannan ki buga da ƙarfi."

Ya shiga ba takalmi, hagu a gaba, wannan karon da gangan. Yaya ya miƙe. Suka zagaya a hankali, tsoho yana kai hannu, ƙane yana barin safar da babu ita ta ƙare a gaban hancinsa. Bai bari abin ya yi tsawo ba. Da kafaɗun Yaya suka fara sauka, sai murfin tukunya ya ce ƙwal!

Hannuwan suka sauka nan take. Tsohon ya waiwaya, ya ga kujerar a kusurwa, ya taka ya zauna, ya buɗe gwiwoyi, ya jingina bayansa da bango yana mayar da numfashi.

Tarwaɗa ya fita, ya zura silifas, ya saɓa tawul, ya ɗauki bokiti. Ya tsaya a bakin ƙofa. Daga nan zuwa kusurwar ba wata tafiya ba ce, amma tsakiyar nan da Koci ya faɗa tana ciki, kuma tun ranar da ya zauna daɓas a sito bai taɓa ratsa ta ba. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin na yaro. Ƙafarsa ta hagu ta so ta wuce gaba, kafaɗarsa ta so ta karkace. Diddigen dama ya fara ɗagawa, silifas ɗin ya nemi ya zame, dole ya mayar da shi ƙasa. Ya ga hannun daman Yaya a kan gwiwa ya fara dunƙulewa.

Sai ya daidaita ƙirjinsa sosai, ya ja silifas ɗin a ƙasa, ya buɗe baki da muryar da ba tasa ba.

"Wa ya ce ka riƙa bin sa kana zubar da ƙarfi? Kai ba ka jin magana! Ɗaga kai in gani. Dubi yadda ka bari aka fasa ka!"

Yana faɗa yana tafiya, har ya ji gwiwarsa ta taɓa ta Yaya. Ya durƙusa a tsakanin ƙafafunsa, ya ajiye bokiti. Dunƙulallen hannun ya warware. Yaya ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido, yana jiran soso.

Tarwaɗa ya matsa masa ruwan ɗumi a ka, ya goge fuskar, ya juya kan a hankali. Ya rage gashin da ya manne a ciwon da almakashi, ya aske gefensa, ya wanke. Da maganin ya taɓa wurin, tsohon ya ja iska ta haƙori, jikinsa ya ɗauki rawa, amma hannuwansa ba su bar kan gwiwa ba. Ɗan dambe ba ya dukan mai gyara masa rauni. Ta taga Tarwaɗa ya hango mijin Auta ya zaro waya daga aljihu, ya daɗe yana kallon ɗakin, sannan ya mayar da ita. Auta kuwa tana rungume da murfin tukunya, hawaye na bin fuskarta.

"Koci," in ji Yaya, ido a rufe.

"Na'am."

"Yaron nan ba ya tsayawa."

"Na gani. Kai dai zauna tukuna."

"Ƙanena ne, ka sani ko? Duk garin nan ba mai ƙafarsa." Ya yi ɗan murmushi a cikin gemun. Sai murmushin ya tafi. "Sau ɗaya na buge shi, yana ƙarami. Tun ranar bai sake matsowa ba. Ka gaya masa ya matso, Koci. Ba zan ji masa ciwo ba."

Tarwaɗa ya riƙe audugar a wurin fiye da yadda ake bukata.

"Ai ya matso, Yaya," ya ce.

Saura gemu. A shago da ya zagaya ta baya ya kama aiki daga gefe, amma a nan bayan Yaya bango ne, kuma babu madubi. Ya gyara durƙusonsa, ya ɗaura masa tawul a wuya, ya ɗauki almakashi ya fara ragewa daga gaba, numfashin yayansa yana sauka a kan goshinsa.